Yadda Ƙyanda Ke Shiga Jikin Yaro

Zuwa ga Edita,

Wannan mako ina so in yi wa 'yan'uwana malamai da akawuna bayanin ƙyanda, ciwon nan da ke ɗauke mana yara da bazara.

Abin da ke kawo ta wata ƙwaya ce, likitoci na ce mata bairas, wadda ba ta hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum. A bayanta akwai ƙaya iri biyu. Ta farko ita ke maƙalewa, kamar ƙarangiya a riga, amma fa ba ta kamawa sai inda ta sami ƙofar da ta dace da ita. A shekarar 2000 masana a Japan suka gano ƙofar nan, sunanta SLAM, a jikin ƙwayoyin da ke tsaron lafiyarmu. Sa'an nan ƙaya ta biyu ta haɗe fatar bairas da fatar ƙwayar, abin da ke cikinta ya zube ciki, ya yi ta yaɗo.

Watau masu gadi ƙyanda ta ke fara kamawa. Shi ya sa yaron da ya tashi daga ita ya kan daɗe zawo da ciwon huhu suna samunsa.

Allurar rigakafi kuwa, wadda aka fara a 1963, koya wa jiki ta ke yi ya rufe ƙayoyin nan tun ba su kama ba. Saboda haka, yaro ya cika wata 9, lalle a kai shi a yi masa, a kuma koma yana wata 15.

Wassalam.
Naka,
Akawu.