Raddi ga Masu Ɗora wa Askar Wanzami Laifin Zubewar Gashi

A ƙauyukan Gabi da ke gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, da'awar da aka fi ji idan gashi ya zube a wuri guda ya bar fili zagayayye ita ce makero ne, kuma askar wanzami ce ta kawo shi. Wannan magana tana da gaskiya a muhallinta, amma an haɗa cututtuka biyu an yi musu hukunci ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce kamannin filin. Sai dai makero, wanda ƙwayar cuta mai yaɗuwa ke haddasawa, yana zuwa da ƙaiƙayi da ɓawo da karyayyun gashi, galibi ga yara, alhali cutar da likitoci ke kira alofeshiya ariyata tana barin fata sumul, ba ɓawo ba ƙurji, sai 'yan gajerun gashi a gefen filin masu siririn gindi da kaurin kai, wani lokaci har farce yakan yi ƙananan ramuka.

Hujja ta biyu, cewa ana samun ta ga mutum fiye da ɗaya a gida, ita ce mafi rauni, domin gado take nunawa ba yaɗuwa ba. Asalin cutar shi ne garkuwar jiki, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, ta juya kan saiwar gashi ta ɗauke ta baƙuwa. Binciken da Angela Christiano ta jami'ar Kolumbiya a Amurka ta jagoranta a 2010 ya gano sassan gado masu alaƙa da hakan, kuma kusan mutum 2 cikin 100 kan gamu da ita a rayuwarsu. Haɗarin yakan ƙaru ga mai asma ko cutar ƙaiƙayin fata ta gado, da wanda garkuwarsa ta taɓa maƙoƙonsa, da mai farin tabo a fata, duk ba ruwansu da aska.

Na uku, sukan ce gashin ya dawo bayan an shafa magani, alhali saiwar ba ta mutuwa, kuma sau da yawa gashin kan tsiro da kansa cikin shekara, da fari-fari tukuna. Tashin hankali kan iya tayar da cutar ga wanda yake ɗauke da gadonta, ko da yake shi kaɗai ba ya isa. Maganin makero irin su girisofulbin kuwa ba ya yi mata komai.