Fasahar Zamani a Cikin Gida: Idan Kwamfuta Ta Ƙi Gane Kile

 

A yau ƙaramar ma'ajiyar nan da muke kira kile, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke cewa filasha, ta zama adakar iyali. A cikinta ake ajiye hoton takardun haihuwa, da kundin ɗalibi, da karatun tafsirin Ramadan, da lissafin shago. Saboda haka ranar da aka soka ta a kwamfuta, sai ga saƙon «Périphérique USB non reconnu», hankali yakan tashi. Shawararmu ta farko ita ce a natsu, domin sau da yawa abin da ke ciki yana nan lafiya.

Mu fara da abin da ido ke gani. A zare kile, a duba bakinta da kafar da ake soka ta, domin ƙurar hunturu takan toshe su. A gwada wata kafa, sannan a gwada wata kwamfutar. In ta yi aiki a can, matsalar daga kwamfutarmu take. In ta ƙi ko'ina, kilen ce ke da ciwo. A babbar kwamfuta ta tebur, kafofin baya sun fi na gaba aminci, domin a jikin allon uwa suke kai tsaye.

Na biyu shi ne ƙarfin wuta. Kafar USB 2.0, wadda ta fito a shekarar 2000, tana ba da bolt 5 da miliamfa 500, ita kuwa USB 3.0 ta shekarar 2008 tana kaiwa miliamfa 900. Babban faifan ajiya na waje yakan buƙaci fiye da abin da tsohuwar kafa ke bayarwa, musamman in an haɗa na'urori da yawa a mahaɗa guda. A soka shi shi kaɗai, a kafa mai launin shuɗi in akwai. Idan kuwa wayar salula ce ta ƙi bayyana, a sani wasu igiyoyin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. A sauya igiya, a buɗe wayar, a zaɓi «Transfert de fichiers».

Na uku, a kashe kwamfuta, a cire ta daga wuta na minti ɗaya, a sake kunnawa. In abin ya ci tura, a Windows 10 ko 11 a danna maɓallin Windows tare da X, a shiga «Gestionnaire de périphériques», a buɗe «Contrôleurs de bus USB». Na'urar da ke da alamar rawaya ita ce ba a gane ba. A danna ta da maɓallin dama na linzami, a zaɓi cire ta, a zare kile, a sake tayar da kwamfuta, sannan a mayar. Windows za ta sake girka ƴar manhajar da ke tafiyar da ita da kanta.

Wani lokaci kuma kwamfuta ta gane kile, amma ba ta ba ta harafi ba, shi ya sa ba a ganinta. A shiga «Gestion des disques». In tana nan, a ba ta harafi irin su E ko F.

A nan ne muke so a saurara da kyau. Idan kwamfuta ta nemi a yi wa kile «formater», kada a amince matuƙar akwai abin da ake buƙata a ciki, domin wannan shafewa ce. Faifan da aka tsara a kwamfutar Apple yakan ƙi buɗuwa a Windows alhali lafiyarsa ƙalau. Ko da tsarin kilen ya lalace, manhajar kyauta irin PhotoRec takan ceto da yawa daga cikin abin da ke ciki, muddin ba a rubuta sabon abu a kai ba. Gaggawar minti ɗaya na iya cinye wahalar shekara uku ta ɗalibi.

In sai an kai wa mai gyara, a nemi wanda aka shaida da riƙon amana, a kuma zauna ya yi aikin a gabanmu, domin hotunan iyalinmu da takardunmu sirri ne da Allah Ya ɗora mana tsaronsa. Ga masu gyara kuma muna tunatarwa: leƙa abin da ba a ba ku izni ba cin amana ne, ko da mai abin bai sani ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Kada a fizge kile sai an danna «Éjecter». A guji mai arhar da ta wuce hankali, domin akwai jabun da ke nuna girman da ba su da shi. Kowace muhimmiyar takarda kuma a ajiye ta a wuri biyu.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mana amanoninmu. Sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.