SHARHI: Switch 2, Steam Deck da Xbox Ally: Abin da cinikin ranar farko ke ɓoyewa

A ranar 5 ga Yuni, 2025 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, Switch 2, kuma cikin kwana huɗu aka sayi fiye da guda miliyan 3.5 a faɗin duniya. Babu wata na'urar da kamfanin ya taɓa ƙerawa da ta shiga kasuwa da irin wannan ƙarfi. Switch ta farko, wadda ta fito a watan Maris na 2017, sai da ta shafe kusan wata guda kafin ta kai miliyan 2.74. Zuwa ƙarshen Satumba, sabuwar ta kai miliyan 10.36, har kamfanin ya ɗaga hasashensa na shekarar kuɗi mai ƙarewa a watan Maris na 2026 daga miliyan 15 zuwa miliyan 19.

Wata huɗu bayan haka, a ranar 16 ga Oktoba, kamfanin Microsoft da haɗin gwiwar Asus na Taiwan suka fitar da tasu na'urar ta riƙewa a hannu, ROG Xbox Ally. Tun kafin ranar, Microsoft ya shelanta cewa samfurin da ya fi tsada ya ƙare ƙarƙaf a kantinsa na intanet. A gefe guda kuma akwai Steam Deck ta kamfanin Valve na Amurka, wadda tun 2022 take kasuwa, kuma ita ma a lokacin fitowarta mutane sun yi watanni suna jiran layi ya zo kansu.

Kamfanoni uku ke nan, kowanne na cewa kayansa sun yi kasuwa. Masu bibiyar harkar kan jera su a kan sikeli ɗaya su yanke hukunci. Sai dai ba abu ɗaya ake aunawa ba, kuma ko inda aka samu alƙaluma na gaskiya, abin da suke nunawa bai kai yadda ake zato ba.

Wanda ya taɓa kwana a layin mai ya san cewa tsawon layi ba ya nuna yawan motocin gari. Yana iya nuna cewa tanka ɗaya ce kawai ta sauke. Haka batun "kaya sun ƙare" yake. Idan kamfani ya ajiye guda dubu goma masu saye dubu goma sha ɗaya suka zo, kaya sun ƙare. Idan ya ajiye miliyan uku masu saye miliyan biyar suka zo, nan ma kaya sun ƙare. Microsoft bai faɗi adadin da ya ajiye ba. Valve ma bai taɓa fitar da cikakken lissafin Steam Deck ba. Iyakar abin da jami'ansa suka faɗa a ƙarshen 2023 shi ne an sayar da miliyoyi. Nintendo kaɗai ne ke bayyana adadi duk bayan wata uku, domin na'urorin wasa su ne jigon kasuwancinsa, kuma masu hannun jari a Tokyo na jiran rahoton. Valve kamfani ne mai zaman kansa da ba ya kasuwar hannun jari, babu wanda zai tilasta masa buɗe littafi.

Abin da ake da shi game da sauran sai ƙiyasi. A farkon 2025 kamfanin nazarin kasuwa na IDC ya ƙiyasta cewa manyan kwamfutocin wasa na hannu, wato Steam Deck da takwarorinta na Asus da Lenovo da MSI, ba su wuce kusan miliyan 6 ba a jimlace cikin shekara uku, kuma kusan miliyan 4 daga ciki Steam Deck ce. Idan ƙiyasin ya yi daidai, abin da Valve ya sayar cikin shekara uku Nintendo ya kusa cimma shi cikin kwana huɗu. A fagen yawa, babu ma gasa.

To amma miliyan 3.5 ɗin nan, me ta auna? Ta auna shirin da aka yi. Ba a sayar da abin da ba a ƙera ba, don haka cinikin makon farko ba zai taɓa wuce abin da ke cikin ɗakunan ajiya ba. Nintendo ya koyi darasi daga 2017, lokacin da Switch ta yi ƙaranci tsawon watanni, da kuma abin da ya samu Sony a 2020, sa'ad da ƙarancin ƙananan sassan lantarki ya jefa PlayStation 5 hannun 'yan bumburutu, suna sayarwa ninkin farashi. Wannan karon kamfanin ya daɗe yana tara kaya kafin ya buɗe ƙofa.

Siyasar kasuwanci ma ta sa baki. A ranar 2 ga Afrilu, ranar da Nintendo ya bayyana farashin Dala 449.99, Shugaba Donald Trump ya sanar da harajin kashi 46 cikin ɗari kan kayan da ke shiga Amurka daga Biyetnam, inda ake harhaɗa wani kaso mai yawa na na'urar. Nan take kamfanin ya ɗage fara karɓar odar Amurkawa daga 9 zuwa 24 ga Afrilu. Da aka jingine harajin na kwana 90, ya bar farashin na'urar yadda yake, ya ƙara wa kayan haɗinta kuɗi. Mai saye a Amurka ya ga alamar cewa farashin yau ba lallai ne ya kai gobe ba, kuma irin wannan fargaba kan sa wanda ya yi niyyar saye a ƙarshen shekara ya saya a watan Yuni. Cinikin da aka jawo daga gaba ciniki ne, amma ba sabon mai saye ba ne.

Adadin da ya fi kusa da auna buƙata ta haƙiƙa daga Japan ya fito. A can an raba na'urar ta hanyar ƙuri'a a kantin kamfanin na intanet, kuma shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya fito ya ba da haƙuri bayan mutum kusan miliyan 2.2 sun nema a zagayen farko, abin da ya zarce kayan da aka tanada nesa ba kusa ba. Sai dai sharuɗɗan shiga ƙuri'ar sun haɗa da cewa mutum ya yi wasa na aƙalla awa 50 a tsohuwar Switch, kuma ya biya kuɗin rajistar intanet na kamfanin na shekara guda. An yi hakan ne don toshe wa 'yan bumburutu hanya, amma ma'anarsa ita ce duk wanda ke cikin wannan adadi tsohon abokin ciniki ne. Ga kuma rangwame: an yi wa Japan samfuri na musamman mai harshen Japananci kaɗai a kan Yen 49,980, alhali mai harsuna da yawa Yen 69,980 ne.

Ana cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tarihin wannan kasuwa bai cika gaskata karin maganar ba, kuma Nintendo ya fi kowa sani. A watan Fabrairu na 2011 ya fitar da 3DS, zuwa ƙarshen Maris ya tura miliyan 3.61 kasuwa. A wata ukun da suka biyo baya, dubu 710 kacal aka ƙara. Masoya na gani-kashe-ni sun saya sun gama, sauran jama'a kuma ba su ga wasan da zai sa su fitar da Dala 249.99 ba. A watan Agusta, kafin na'urar ta cika wata shida, aka zabtare farashin zuwa Dala 169.99, shugaban kamfanin na lokacin, marigayi Satoru Iwata, ya yanke rabin albashinsa. Abin da ya farfaɗo da 3DS shi ne sauƙin farashin da kuma wasannin da suka zo a ƙarshen shekarar: Super Mario 3D Land, Mario Kart 7, da Monster Hunter a Japan. Daga ƙarshe ta kai kusan miliyan 76.

Kishiyarta, PlayStation Vita ta Sony, ta fito a Japan ranar 17 ga Disamba, 2011. A kwana biyun farko an sayi fiye da dubu 320, adadin da bai yi nisa da kusan dubu 370 na 3DS ba. Wanda ya tsaya a wannan kwatanci zai ce kunnen doki aka yi. A mako na biyu cinikin Vita ya faɗo zuwa dubu 70 da 'yan kai. Ta fi 3DS ƙarfi da kyawun fuska, amma katin ajiyar bayananta na musamman ne kuma mai tsada, sannan Monster Hunter, wasan da ya riƙe PSP a Japan, ya koma gidan Nintendo. Sony ya daina bayyana adadinta, ya kuma daina ƙera ta a 2019. Wii U ma, ko da yake ta ɗaka ce, ta fara da miliyan 3.06 cikin makonni shida a 2012, ta ƙare rayuwarta a miliyan 13.56.

Wannan ba yana nufin Switch 2 na kan hanyar 3DS ba ne. Gwajin da 3DS ta faɗi, wato watannin da ke bin bayan ɗokin farko, ita ta tsallake shi: daga miliyan 5.82 a ƙarshen Yuni ta ƙara fiye da miliyan 4.5 cikin wata uku. Dalilin a fili yake. Ta fito tare da Mario Kart World, wanda ya kai kwafi miliyan 9.57 zuwa ƙarshen Satumba, yawanci a haɗe da na'urar. Donkey Kong Bananza ya biyo baya a watan Yuli. Kuma mafi yawan wasannin tsohuwar Switch suna aiki a kanta. Ranar da Xbox Ally ta fito ma, ranar ce aka saki sabon wasan Pokémon. Adadin watanni ukun nan na biyu ya fi na kwana huɗun farko nauyi, duk da cewa bai samu rabin yayatawar da aka yi wa na farkon ba.

Game da Valve kuwa, auna shi da mudun Nintendo zalunci ne ga lissafi. Valve shi ke da Steam, babban kantin wasannin kwamfuta na duniya, kuma yana karɓar kusan kashi 30 cikin ɗari na kuɗin yawancin wasannin da aka saya a can. Steam Deck wata ƙofa ce ta shiga wannan kanti. Shi ya sa aka sa mata Dala 399 a farko, farashin da shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya amsa cewa ya yi musu zafi. Hanyar sayarwar ma daban ce. Tun watan Yuli na 2021 aka buɗe rajista da kafin alƙalami na Dala 5, aka ɗage fitowa daga Disamba zuwa Fabrairun 2022, kuma layin bai ƙare ba sai a watan Oktoba na shekarar. Ba a baza ta a manyan kantuna ba, kuma ƙasashe ƙalilan ne ake aika wa kai tsaye. Na'urar da ake raba ta kamar haka ba ta da "cinikin ranar farko" da za a kwatanta da na kowa.

Xbox Ally ce ke cikin tsaka mai wuya. A lokacin fitowarta, ƙaramar Dala 599.99 ce, babbar Dala 999.99, fiye da ninki biyu na farashin Switch 2 na lokacin. Asus ne ke ƙera ta, shi kuma daga jikin na'urar yake cin riba, don haka ba zai iya sayarwa a kan asara yana jiran kuɗin wasanni su cike giɓi ba. A wannan farashi masu saye na farko, waɗanda ba sa tambayar kuɗi, za su iya kwashe kayan makon farko. Iyayen da ke neman abin da za su saya wa yaro a ƙarshen shekara su ne suka kai tsohuwar Switch sama da miliyan 150, kuma da wuya su dubi na'urar Dala dubu.

Sony, wanda Vita ta ƙona, ya tsaya a bakin ruwa. PlayStation Portal da ya fitar a 2023 kan Dala 199.99 ba ta sarrafa wasa a cikinta, jawo hoton take yi ta intanet, kuma ita ma ta yi ta ƙarewa a kantuna ba tare da an faɗi adadi ba.

Akwai kuma masu sayen da babu lissafin da ke ganinsu. Valve ba ya aika Steam Deck Najeriya, kuma mafi yawan na'urorin da ake gani a Banex da ke Abuja ko Computer Village da ke Ikeja 'yan kasuwa ne ke shigo da su daga Dubai, Birtaniya ko Amurka. A littafin kamfani, cinikin waɗancan ƙasashe ne. A canjin kusan Naira 1,500 kan kowace Dala na shekarar 2025, Switch 2 ta kai wajen Naira 675,000 kafin a ɗora kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000. Nan wayar hannu ce na'urar wasan mafi yawan matasa, kuma ita ce kishiyar da ta fi cin kasuwar 3DS da Vita tun wancan lokaci.

Rahoton da Nintendo ya fitar a farkon Fabrairun 2026 ya ƙunshi cinikin Kirsimeti, lokacin da masu saye na yau da kullum ke shiga kasuwa. Don cika hasashen miliyan 19, a lokacin an buƙaci ya ƙara sayar da kusan miliyan 8.6 tsakanin Oktoban 2025 da Maris na 2026, a farashin da ya ɗara na tsohuwar Switch a ranar fitowarta da Dala 150.