Ra'ayinmu: Kwali Ba Zai Maye Gurbin Ɗakin Gwaji Ba

A wannan makon mun tattauna a kan wani salon karatu da ya yaɗu a kwalejojin Amurka, musamman tun shekarar 2020 da cutar korona ta sa aka rufe makarantu. Ɗalibi zai yi rajistar darasin nazarin ƙananan halittun da ido ba ya gani, amma ba zai taka ɗakin gwaje-gwaje ba. Sai a aiko masa da kwali har gida. A ciki akwai faranta masu murfi na renon ƙwayoyin, da abincinsu mai kama da jeli da ake samu daga ciyawar teku, da gilasai, da rini, da safar hannu, wani lokaci har da madubin ƙara girma. Yana kallon darasi ta intanet, ya yi gwajin a kan teburinsa, ya ɗauki hoto ya tura wa malami.

Da farko abin ya burge mu, kuma dole mu faɗi alherinsa. Uwa mai raino, ko ma'aikacin da ke son komawa karatun aikin jinya, ko wanda garinsu ke nesa da kwaleji, duk sun samu hanya. Tarihi ma yana goyon bayansu. Antoni ban Lewenhuk, mai sayar da yadi a garin Delf na ƙasar Holan, da gilasan da ya goge da hannunsa ya fara ganin waɗannan halittu a shekarun 1670. Robat Kok na Jamus yana likitan ƙaramin gari ne lokacin da ya yi bincikensa a kan cutar saifa ta dabbobi a gidansa, ya bayyana sakamakon a 1876. Ashe ilimi bai damu da girman gini ba.

Duk da haka, ra'ayinmu shi ne kwalin nan rabin karatu ne kawai, kuma muna da dalilai uku.

Na farko, wannan fanni aikin hannu ne. Ɗauki rinin Giram, wanda wani likita ɗan ƙasar Danmak ya ƙirƙiro a 1884. Da shi ake raba bakteriya gida biyu: wasu su riƙe launin shuɗi mai duhu, wasu su koma ja-ja. Akwai matakin da ake wanke gilashin da sinadari na daƙiƙu kaɗan. In ka daɗe, launin ya tafi, amsarka ta juye. Malamin da ke tsaye a kanka zai ce maka "ya isa" tun kafin ka ɓata. Malamin da ke jiran hoto kuwa sai bayan an gama zai ga sakamako, kuma ba lallai ya gane inda hannunka ya kuskure ba. Wannan na cikin abin da ya sa wasu makarantun koyon aikin lafiya a can suke dagewa sai ɗalibi ya yi gwajinsa a gaban malami kafin su ɗauke shi.

Na biyu, tsaro. Masu haɗa kwalin suna zaɓar ƙwayoyi marasa haɗari sosai, kamar yis na burodi ko bakteriyar da ke mai da madara kindirmo. Amma faranti ba ya zaɓen baƙo. Duk abin da ya faɗa ciki daga iska ko yatsa zai yi ta hayayyafa har ya kai miliyoyi. A ɗakin gwaji ana kashe su a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na tsawon minti 15 ko fiye. A gida sai dai a jiƙa su a ruwan bilic, kusa da inda ake dafa abinci, kusa da ƙanne masu taɓe-taɓe. Mu nan ma sai mu ƙara lura: ƙwayoyin da ke sa mutum ciwo sun fi jin daɗin zafin jikinsa, wato digiri 37, kuma kowa ya san yadda ɗakunanmu suke a watan Afrilu. Don haka muna roƙon 'yan uwa, kada wanda ya ga bidiyo a waya ya ce zai reni ƙwayoyin bayan gida ko na makwarara a ɗakinsu. Rigakafi ya fi magani.

Na uku, a ɗakin gwaji mutum yana koyo daga kuskuren na kusa da shi. Farantin abokinka ya gurɓace, naka bai gurɓace ba, sai ku zauna ku gano dalili. Wanda ke shi kaɗai a gida ba shi da wannan gatan.

To, mu ina ruwanmu da abin da ake yi a Amurka? Ruwanmu shi ne wannan: ɗalibin can da ba shi da ɗakin gwaji yana biyan kuɗi don a kawo masa kwali, mu kuwa muna da ɗaki sukutum, amma sau nawa muke shiga? Da yawanmu sai jarrabawar WAEC ko NECO ta matso muke fara riƙe gilashi, hannu na rawa. Wasunmu sun zana madubin ƙara girma a littafi, sun haddace sunan kowane sashe nasa, amma ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Kuma a cikinmu ne za a samu masu gwada jinin marasa lafiya a asibiti gobe.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta da malaman kimiyya, cikin girmamawa, a sa mana ranar gwaji tabbatacciya kowane mako tun daga aji ɗaya na babbar sakandare. Ba sai an sayi kaya masu tsada ba. Da ɗigon ruwan kududdufi, da fatar albasa, da ɗan yis, za mu ga abin da ya isa ya sa mu ƙaunaci darasin. Mu ɗalibai kuma mu yi alkawarin zuwa a kan lokaci, mu kula da kaya, mu wanke hannu kafin mu fita. Gani ya kori ji.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta