Katifa Ta Lotsa, Mai Kanti Ya Ce Ba Ruwansa

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Bayan kaka na sayar da masara buhu 3, na je wani kanti a Nasarawa GRA na sayo wa mahaifiyata katifar nan ta soso mai bin jiki, saboda ciwon bayan da take fama da shi. Ita ce wadda in ka danna da hannu sai shatin ya jima kafin ya taso. Wata 2 bai cika ba tsakiyarta ta lotsa kamar kwarin kunya, tsohuwa ta koma tabarmarta. Da na koma, mai kanti ko kallona bai yi ba, ya nuna mini allo wai kayan da aka saya ba a mayarwa.

To jama'a, allon nan bai fi doka ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce in kaya ya fito da aibi kana da ikon mayarwa cikin wata 3, a gyara, ko a musanya, ko a ba ka kuɗinka. Jihar Kano ma tana da tata hukumar. Kuskurena shi ne ban karɓi rasit ba, wallahi kunyar tambaya na ji a kantin manya. Yanzu da me zan kafa hujja?

Mai niyyar saye ya ɗaga katifa ya ji nauyin soson, kada kauri ya ruɗe shi, kuma ya karɓi rasit da takardar garanti. Ina roƙon hukuma ta leƙa kantunan nan ta sa a sauke allunan.

Naku,
Wani manomi, Kano.