WA YA CE ƊAN TALAKA DAƘIƘI NE?

Ku matso ku ji.

Duk shekara in sakamakon jarrabawa ya fito, sai manya su ce wai 'ya'yanmu na ƙauye ba su da ƙwaƙwalwa. Ni na riƙe alli kafin in shiga siyasa, kuma na ce ƙarya ne!

Ku zo Malali, cikin Kaduna. Nan Kwalejin Gwamnatin Tarayya take, tun 1973. Akwai ɗakunan kwana, akwai ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, darussa kuma kowanne da malaminsa. Ni kuwa inda na koyar, yara a ƙasa suke zama, littafi ɗaya mutum biyar, in hadari ya taso sai a tashi don kwano ya yaye. Amma ran jarrabawa takarda iri ɗaya za a ba su duka. Manoma, ku za ku yi mana hukunci: iri ɗaya, a shuka wani a fadama da taki, wani a kan fako, ran girbi laifin iri ne?

Ba na ɓoye namu laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da aka tura gona ranar makaranta, da yarinyar da ta wuni talla, dole a bar su a baya. Wannan gyaransa na hannunmu, iyaye.

To amma benci da littafi da malami fa, hakkin wa? An fara UPE a 1976. Dokar 2004 ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, kuma dole. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun faɗi. Wa ya ɗauke su aiki tun farko? Ɗan talaka ne ya sa hannu a takardarsu?

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo da taliya da atamfa, ku tambaye shi abu uku. Ina 'ya'yanka suke karatu? Malamai nawa za ka kawo makarantarmu? Yaushe za a rufe ajin nan? In ya kama kame-kame, ku bar shi da taliyarsa.

Taliya kwana ɗaya ce, jahilci kuwa har jikoki. Ku adana katin zaɓenku, ran zaɓe a yi sammako, maza da mata.

Allah ya ba mu sa'a, amin.