Girman Rago Da Kitsensa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara, a kasuwar Kazaure ko ta Babura, gab da Babbar Salla, ya ga yadda dillali kan bi gadon bayan rago da yatsu, ya matsa ƙugu, ya laluba haƙarƙari da gindin bindi, kafin ya faɗi kuɗi. A ra'ayina hannun nan ya fi ido adalci, domin tumbin da aka cika da dusa da ruwan kanwa yakan ruɗi mai saye, alhali kitsen gaskiya yana kwance ne ƙarƙashin fata da kewayen ƙoda. Masana kiwo na Shika, kusa da Zariya, sukan auna zagayen ƙirji da igiyar awo, kuma haƙiƙa awon nan yana nuna nauyi. Amma ragunan Balami da Uda, da yake sun fi 'Yankasa tsawo da girman ƙashi, sukan cika igiya alhali suna rame. Malaman fiƙihun Malikiyya kuwa sun hukunta cewa dabbar da ta rame ƙwarai ba ta isar wa layya, saboda haka ya kamata masu turka su haɗa igiyar da hannu.